Ganuwar da Aka Ce Ni Na Fasa

Nasiru, kai ka sa na ɗauki alƙalami, ko da yake ba da kai kaɗai nake ba, har da yayyenka. Ranar Babbar Sallar bara muna zaune a gidanmu na Stains, a gefen Paris, ana cin nama, yayarka ta ce ka rage gudu da mota kada ka fasa wa wani kai. Ka juyo kana dariya, ka ce da faransanci ai kai ba ka taɓa fasa kome ba, a gidan nan mutum ɗaya ne ya rushe ganuwa mai shekara ɗari biyar shi kaɗai. Kowa ya yi dariya, har surukina. Ni ma na yi yaƙe, don ba a ajiye loma a kama faɗa ranar Sallah. Uwarku ce kaɗai ta tashi ta shiga madafa, ta daɗe ba ta fito ba. Ban ga laifinka sosai ba, abin da ka tashi ka tarar ke nan. Ka ga takardar korata a cikin akwati, ka ji tsofaffin mutanenmu na unguwar Montreuil suna kirana Habu Fasa-ganuwa suna dariya. Amma raina ya ɓaci, kuma har yau bai huce ba. Shekara ashirin da ɗoriya ina ɗauke da laifin da ban yi ba, ban yarda in shiga kabari ƴaƴana suna barkwanci da shi ba.

Sai na fara da kakanku, in ba haka ba ba za ku gane abin da na yi ba. Maginin rijiya ne a wani ƙauye gabas da Damagaram, ni kuma na tashi ina ja masa guga. Abu uku ya koya mini da bulala. Na farko, duk sanda ƙasa ta canza launi, ka ɗebi tafi ɗaya ka ajiye a bakin rijiya, a jere, don mai rijiya ya ga abin da aka ratsa. Na biyu, in ka ci karo da aikin waɗanda suka riga ka, tsohuwar rijiya ko harsashin gini ko kabari, ka ajiye diga, ka rufe wurin, ka tafi wajen babban wurin ka faɗa masa shi kaɗai, kada ka yi yekuwa. Na uku, kafin ka fito ka rubuta sunanka a can ƙasa, inda ba mai gani sai maginin da zai shiga bayanka. Na zo Faransa da waɗannan abubuwa uku da wando biyu. Na kwana a fuwaye ta Montreuil, wato gidan leburori baƙi, na ɗauki akwatunan kayan lambu a kasuwar Rungis har bayana ya fara ƙara, sannan Allah ya kai ni shantiye, wurin aikin gine-gine, na koyi tuƙa motar haƙa. Turawan da muke aiki tare suna yi mini dariya saboda gwangwanayen tumatir da nake jerawa a gefen kujerata, kowane da ƙasarsa. Ina barin su da dariyarsu, don in ana son a san ko ruwa na kusa ni ake tambaya.

A shekarar da aka haife ka kamfaninmu ya tura ni birnin Lyon, nesa da Paris. Za a haƙa wurin ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa, daf da bakin kogin Rhône. An yi mini alkawarin in aikin ya yi kyau za a tabbatar da ni a can, har na je na duba wani gida mai ɗaki uku da taga tana kallon tudu, na kwatanta wa uwarku shi ta waya har ta fara zaɓen labule. Kafin nan ku kuna Stains, ni ina Lyon, ɗaki ɗaya da wani ɗan Cadi, Mahamat, lebura ne a wurinmu, yana jin Hausar kasuwa. Ba shi da takardun zama, da takardun wani yake aiki, kowa ya sani, kowa ya yi kamar bai sani ba. Ni da kaina nake ɗora shi kan motar da tsakar rana ina koya masa, don ina ganin tausayinsa. Shugaban wurin kuwa wani Bature ne da muke kira Jan-wuya, saboda in ya yi fushi wuyansa ke fara sanarwa kafin bakinsa.

Ranar wata Juma'a da safe, kwana shida da haihuwarka, ina haƙa ta gefen kogi sai na ji haƙorin motar ya taɓa abin da ba dutsen Allah ba. Hannu yana sanin wannan tun kafin ido. Dama tun jiya ƙasar ta ba ni shakka: bayan baƙar ƙasa da yashin kogi sai ga wata mai gauraye da gawayi da farar ƙasa, irin wadda mutum ya taɓa juyawa. Na kashe mota, na sauka da shebur. Bango ne, na sassaƙaƙƙen dutse, kaurinsa ya fi tsawon mutum a kwance. Na bi shi ina sharewa har na iske wata kafa a jikinsa, ciki faɗi, waje ƙunci, tana kallon ruwa. A gindinta akwai dunƙulen ƙarfe, zagayayye, ya kai girman ƙaramar kabewa, da ƙyar na ɗaga shi da hannu biyu. Wanda ya tashi a Damagaram ya ga tsofaffin igwogi, ba sai an gaya masa ba. Wannan kafar bakin igwa ce, wannan kuwa harsashinta.

Mahamat ya zo ya tsaya a kaina.

«Yaya Habu, mai da ƙasa ka yi shiru. In masu tarihi suka ji, shantiye ya tsaya wata da watanni.»

«Ba nawa ba ne da zan yi shiru, ba na Jan-wuya ba ne kuma. Aikin mutane ne.»

«Mutanen da suka mutu.»

«Kakanka ma ya mutu. A bi ta kansa da mota?»

Ya koma ga aikinsa. Ƙarshen bangon, inda kafar take, yana kan hanyar da manyan motoci ke bi su kwashi ƙasa, na ji tsoron kada nauyinsu ya tsaga shi. Sai na yi yadda aka koya mini. Na shimfiɗa masa tamfol, na zuba yashi, na mai da ƙasa na daddaɓe, duk a lokacin da sauran suka tafi cin abinci. Ragowar bangon, mai tsawo, na bar shi a buɗe don shugaba ya gani. Na ɗauki harsashin na nufi ofishinsa.

Ga kuskurena, ku karanta shi da kyau. Akwai mutum huɗu a ofishin, har da injiniya da wata mai rubutu. Da na buɗe baki a gabansu, da yau ba na wannan rubutu. Amma a gidanmu ba a kawo wa babba labarin da zai dame shi a gaban na ƙasa da shi. Na tsaya a bakin ƙofa da ƙarfe a ƙarƙashin riga kamar ɓarawo, har suka fita, sannan na shiga na rufe ƙofar da hannuna. Ni a ganina mutunci na yi masa. Na manta ina ƙasar da in magana ba ta hau takarda ba, ba a yi ta ba. Ya dubi harsashin, ya fita ya dubi bangon, wuyansa ya yi ja, sannan ya huce. Har da dafa mini kafaɗa.

«Ka yi daidai da ka zo wurina ni kaɗai,» in ji shi da faransanci. «Ranar Litinin zan kira hukuma da kaina. Ba gobe ne bikin ɗanka ba? Tafi tun yanzu kada jirgin ƙasa ya bar ka. Ka bar makullin mota.»

Na yi masa godiya. Wallahi na yi masa godiya, har sau biyu, kuma wannan godiyar ta fi kome ci mini rai. Na bar wa Mahamat makulli na kama jirgin Paris.

Ranar Asabar aka raɗa maka suna. Gidan ya cika har matakala, mutanen Montreuil sun zo da safe, ƴan Zinder da ƴan Maraɗi da ƴan Garwa, an ci rago, an sha fura. Alhaji Mutari, dattijon fuwaye wanda shi ke raba mana gardama, shi ya yi addu'a, ya riƙe ka a hannunsa. Ku riƙe wannan: ranar nan mutum fiye da hamsin sun gan ni a Stains tun daga asuba har la'asar.

Litinin na koma na tarar da rami fes. Babu bango, babu ko tsakuwarsa, an share an baje kamar filin Idi. Mahamat ya ƙi haɗa ido da ni har muka koma ɗaki, can ya zauna a bakin gado ya faɗa mini. Jan-wuya ya kira shi Asabar da safe, ya ce ko ya hau mota ya fasa, ko ya kira ƴan sanda su duba hoton da ke jikin takardarsa. Ya hau. Kafin azahar an kwashe. Na yi masa faɗa har muryata ta dishe, amma me zan yi masa, ni na koya masa tuƙin.

Ba a rufe mako ba asiri ya tonu. A can inda ake zubar da ɓaraguzai wani ya ga sassaƙaƙƙun duwatsu da harsasai, aka bi sawu har wurinmu. Hukuma ta zo, tare da wata mata mai furfura, mai binciken kayan tarihi. Ta tsaya a tsakiyar ramin da wata tsohuwar taswira a hannu. Ita ta gaya mana abin da aka rushe. A ƙarni na goma sha shida, in ji ta, mutanen garin suna tsoron kada mayaƙa su zo musu ta kogi, sai suka gina ƙaramar ganuwa a bakin ruwa, suka jera mata igwogi. Daga baya aka daina bukatarta, aka kwashe samanta, gari ya hau kanta, har aka rasa inda take. Ta ce tun tana budurwa take neman wurin. Ganuwar da aka gina don ta tsare gari daga baƙi, ta yi shekara ɗari biyar ba baƙon da ya taɓa ta, sai ɗan ƙasa ne ya sa aka kwashe ta a safiya ɗaya don motoci su sami wurin kwana. Sannan ɗan ƙasar nan ya ɗaga yatsa ya nuna baƙo.

«Direbana ne. Ranar Juma'a ya yi, bai gaya wa kowa ba. Ga ma abin da muka samu a akwatin kayansa.»

Ya fito da harsashin da na kai masa da hannuna biyu. Matar ta juyo ta dube ni. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga.

«Malam, ba ka ji kome a hannunka ba sa'ad da kake fasawa?»

Ni ɗan maginin rijiya ake tambaya ko hannuna yana ji. Na buɗe baki, sai na hango Mahamat a bayansu, ya riƙe shebur, fuskarsa ta koma kamar toka. Na ce a ba ni kwana biyu.

Na tafi Montreuil wurin Alhaji Mutari, ina ganin magana ta ƙare. In dattawa uku suka sa hannu cewa ina Stains ranar Asabar, direbobin da suka kwashi duwatsun kuwa ba za su iya musun ranar ba, Jan-wuya ya kama kansa. Muka gaisa, ya tambayi mai jego, ya tambayi jariri, ya sa aka kawo shayi. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi.

«Malam Habu, in ka ce ba kai ba ne, za su ce wane ne. Ko ba haka ba?»

«Haka ne, Alhaji.»

«To, yaron nan za a sa shi jirgi a mai da shi ƙasarsu. Mutum nawa ke ci daga hannunsa a gida? Kai kana da takardu, iyakarta su kore ka, ka sami wani aiki. Ka rufa wa ɗan'uwanka Musulmi asiri, Allah ya rufa naka.»

«Alhaji, sunana fa?»

«Suna a wurin Nasara? Mu mun san ka. Haƙuri, Malam Habu. Babu wanda zai sa hannu a nan.»

Sai daga baya na ji cewa takardun da Mahamat ke aiki da su na ɗan ƙanen Alhaji ne. Ashe ba asirin Mahamat ake rufawa ba. Mutanen da suka ci ragon sunanka har suka tafi da ƙunshi, aka rasa guda da zai ce ya gan ni. Kuma su ɗin ne, da abin ya kwana biyu, suka laƙaba mini Fasa-ganuwa, suna faɗa suna tafawa.

Uwarku ba ta goyi bayansu ba, kada wani ya ce muku ta goya. Tana zaune kan tabarma tana ba ka nono na gaya mata.

«Malam, ni na gan ka, ni zan je in faɗa.»

«Shaidar mata ga mijinta ba ta da nauyi a wurinsu. Kuma ko sun yarda, Mahamat za a kama.»

«Shi da ya hau motar ya tuna da kai? Kana da ƴaƴa huɗu. Tausayin wani ya fi nasu?»

 Abin da na sani shi ne na kwana ɗaki ɗaya da mutumin nan wata bakwai, na ga hoton ƴaƴansa, kuma ni na ɗora hannunsa kan sitiyari. Na koma Lyon na ce ban da abin faɗa. Suka rubuta abin da suka ga dama, na sa hannu.

Alhaji ya ce iyakarta in sami wani aiki. Ban sake hawa motar haƙa ba. Labari ya riga ni zuwa kowane shantiye, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na koma Rungis ɗaukar kaya ina da shekara arba'in da biyar, wannan gurguncin da kuke gani daga can na samo shi. Gida mai taga ya tafi. Uwarku ta fara fita sharar ofisoshi kai ba ka ko yi wata huɗu ba, babbarku ce ta goye ka, ita da ya kamata a ce karatu kawai take yi. Jan-wuya aka ƙara masa girma. Mahamat kuwa ya sami takardunsa bayan wasu shekaru, ya buɗe shago a Lyon, bai taɓa ɗaga waya ya ce Yaya Habu sannu ba. Sau ɗaya muka haɗu a wata jana'iza, ya tsallaka titi. Na gane kunya ce, amma kunyarsa ba ta sayi ko burodi a gidana ba. Bara da damina aka ce ya koma gida ya rasu, Allah ya jiƙansa, ina faɗa ne don wajibi. Alhaji ma ya riga shi. Yau ba wanda maganata za ta sa a jirgi.

Saura abu ɗaya, wanda ko uwarku ban gaya wa ba sai watan jiya. Ba duka ganuwar aka fasa ba. Ƙarshen nan da na rufe da tamfol, mai kafar igwa, Jan-wuya bai taɓa sanin yana nan ba, Mahamat ya sani bai faɗa ba, wannan kaɗai nake riƙe masa da alheri. Wurin bai shiga cikin ramin ba, ta kansa aka zuba simintin gangaren da motoci ke bi su shiga. Za ku ce me ya hana ni gaya wa matar nan. Da farko tsoro ne, don in an buɗe za a sake tambayar kowa, a koma kan Mahamat. Daga baya, ba zan yi muku ƙarya ba, haushi ne. Na ce ƙasar da ta kira ni mai ɓarna ba za ta ci moriyar hannuna ba. Na yi wa matar nan rowar abin da ta nema duk rayuwarta, ita da ba ta yi mini kome ba sai tambaya ɗaya. An ce ta rasu. Wannan laifina ne na gaskiya, shi ya kamata ku yi mini dariya a kai in dariyar kuke so.

Watan jiya na sa babbarku ta kai ni Lyon. Na tsaya a kan gangaren, motoci suna yi mini oda, mai gadi yana daka mini tsawa in kauce, ban kauce ba sai da na gama aunawa. A bangon bakin kogi akwai tsohon zoben ƙarfe na ɗaure jirgin ruwa, yana nan inda na bar shi. Ka juya masa baya, ka yi taku goma sha tara irin nawa, ba irin naka na gaggawa ba. Ƙarƙashin ƙafarka, zurfin mutum biyu, tana nan.

Gwangwanaye bakwai na ƙasar da na ɗeba a ramin nan suna saman kabad, cikin jakar da uwarku ta sha yi mini barazanar zubarwa. Na shida shi ne mai gawayi da farar ƙasa. Nasiru, kai za ka ɗauke su, da wannan rubutu, ka kai wa masu binciken tarihi na garin, tun da bakinka ya fi na kowa faransanci a gidan nan. Kada ka shiga ka rufe ƙofa. Ka faɗa a gaban mutane, ka sa su rubuta, ka karɓi naka kwafin takardar. In sun ce ina shaida, ka ce su haƙa. Za su tarar da yashi, ƙarƙashinsa tamfol shuɗi. A kusurwar da ke kallon kogi akwai rubutun ajami da baƙin alƙalamin shantiye, sai su nemi mai karanta musu. Habu ɗan Isa maginin rijiya ya rufe wannan ranar Juma'a, gobe sunan ɗansa.